Sanarwa kan littafin Baba Injiniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Kun san tunda Baba Injiniya ya yi ritaya bai zauna ba, littattafan kimiyya yake rubuta wa matasa, to sabon nan na lantarki ya kusa zuwa madaba'a kuma yana so yara su fara dubawa. Ni babin Kainji ne ya burge ni, yadda ruwan Kwara ke juya injin har wuta ta iso gida, wallahi sai yanzu na gane.

Ranar Asabar bayan la'asar a gidansa. Kowa ya zo da yaro ɗaya ɗan sakandare, da biro, da batirin tocila biyu saboda gwaji. Mai zuwa ya rubuta sunansa nan kafin Alhamis don Allah.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na gode.