A tanadi ƙanƙara kafin a busa usur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka na sashen wasanni. Daga Jidda nake rubuto maka, kuma ina cikin masu fita gudu a bakin teku bayan sallar asuba. Abin da na gani a wani tseren kilomita 10 da samarinmu suka haɗa a watan Satumba ne ya hana ni yin shiru.

An ce za a tashi ƙarfe 6, jiran wane da wane ya kai mu kusan 8. Saura ƙasa da kilomita ɗaya a gama, sai na hango ɗan maƙwabcina, saurayi mai jini a jika, yana tangaɗi yana kauce wa hanya. Na sha gabansa na ce, "Ɗana, tsaya haka nan." Ya dube ni bai gane ni ba, yaron da a gabana ya girma. Ya ture hannuna yana sambatu, ya zube. Nan da nan aka yi masa rumfa: wannan na fifita da kwali, wancan na neman ɗura masa ruwa, wani na cewa a kawo farasitamol, har da mai cewa aljanu ne. Allah ya sa akwai wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya a wurin. Ita ta sa aka ja shi inuwa, aka juye ƙanƙarar da ke cikin kular lemo a bokiti, muka riƙa tsoma tawul muna lulluɓe shi muna sauyawa, wani kuma ya kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa. Sai da ya kwana uku a asibiti.

Malam Edita, yawancinmu ba mu san yadda zafi ke kisa ba. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. A Riyad iska busasshiya ce, tana shanye shi. A Jidda kuwa iskar cike take da laimar teku, gumin zuba kawai yake yi, riga ta jiƙe sharkaf, ciki kuwa yana ci gaba da dahuwa. Idan zafin jiki ya haura digiri 40 kuma hankali ya fara gushewa, to ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta ne ke cikin haɗari. Kada wanda ya jira sai gumi ya ɗauke, domin mai gudu yakan faɗi yana jiƙe jagab. Alamar ita ce ruɗewa: tangaɗi, sambatu, faɗa babu dalili. Farasitamol ba ya komai a nan, don ba zazzaɓi ba ne, wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma ɗura masa ruwa na iya shaƙe shi. Abin da likitocin wasanni suka tsaya a kai shi ne a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har wuya, a nan inda ya faɗi, cikin minti 30 na farko, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti.

Masu cewa ragwanci ne su tuna Doha a 2019. Kusan tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata a gasar duniya don gudun rana, amma duk da haka cikin 68 da suka tashi, 28 ba su ƙarasa ba, kuma ƙwararru ne. Bayan wannan ne aka ɗauke gudun fanfalakin Olamfik na Tokyo aka kai shi Sapporo, birnin da ke arewacin Japan inda zafi ya fi sauƙi. Nan Saudiyya ma, gudun fanfalakin Riyad da aka fara a Maris na 2022 ba a tsakiyar zafi ake yin sa ba. Hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. To lebura ma an tausaya masa, mu ne za mu saki yaranmu a kan kwalta rana na tasowa?

Roƙona ga masu haɗa tsere shi ne, lokacin tashi ya zama lokacin tashi, ko babban baƙo bai iso ba. A ajiye baho da ƙanƙara a wurin ƙarewa. A sa manya a hanya, a ba su ikon cire duk wanda ya fara tangaɗi ko da shi ne a gaba, domin a wannan hali ba shi da hankalin da zai ce ya gaji. Wanda ya sauka daga Jos ko Zariya makon jiya ya dakata, jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Mai zazzaɓi ko gudawa ya zauna a gida. Ruwa kuma a sha gwargwadon ƙishi, don ɗirka shi fiye da kima na tsinka gishirin jini, shi ma yana kayar da mutum.

Ina roƙonka ka gayyato likita ya yi wannan bayani da Hausa a filinku kafin zafi ya dawo. Ni dai na riga na sayi baho, na kuma gaya wa samarin cewa ƙanƙarar tsere na gaba a wuyana take.

Naka,
Wani mazaunin Jidda