Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Tuge Itatuwan Dajin Kiwonmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, mu talakawan Sarki, manoma da makiyaya da malaman makaranta na ƙauyukan da ke kewaye da dajin kiwo na arewacin gundumarmu, muna neman afuwa da muka sake kawo kuka, domin abin da ya auku a makon jiya ya fi ƙarfin mu kama bakinmu.

Ranka ya daɗe, wayewar gari muka yi muka tarar da katafila a tsakiyar dajin tana tuge gawo da aduwa da kandili da magarya tun daga saiwa, masu gawayi kuma suna biye da ita suna kwashe duk abin da ta kayar. Da muka tambaya, sai aka ce mana wani ɗan kwangila ne aka ba aikin farfaɗo da daji, wai za a share filin tas a dasa dogonyaro da turare a layi idan damina ta faɗi. Ba a sanar da dagaci ba, ba a nemi masu unguwanni ba, kuma gawon da kakanninmu suka tarar a tsaye ya kwanta kafin azahar. Mun daɗe muna kai ƙarar masu sare itace, da baki da kuma a rubuce, ana ce mana za a duba, to ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ba don inuwa da abincin dabbobi kaɗai muke kuka ba. Malaman da ke cikinmu sun karanta mana binciken da masana tsuntsaye 'yan ƙasar Holan suka yi tsakanin 2011 da 2019, inda suka bi dazuzzukan Sahel daga Senegal har Habasha suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace. Sun gano cewa ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari, musamman waɗanda ke tsallako hamada daga Turai su yi rani a wurinmu, sun fi taruwa a kan itatuwa ƙalilan masu ƙaya, wato gawo da kandili da aduwa da danginsu, alhali dogonyaro da turare kusan babu abin da suke samu a kansu. Dalilin a fili yake. Itacen da ƙaya ke karewa daga dabbobi ganyensa ba shi da ɗaci sosai, saboda haka tsutsa da ƙwari ke yawa a kansa, shi kuwa dogonyaro mu kanmu da ganyensa muke korar ƙwari daga rumbu. Gawo kuma, kamar yadda kowane manomi ya sani, da rani yake fitar da ganye da fure, daidai lokacin da waɗannan baƙi suke nan, da damina kuma ya zubar da ganyen ya bar gero ya sha rana.

Har a Ingila an ga alamar wannan alaƙa, domin a 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a can sun tarar kusan kashi uku cikin huɗu na wata ƙaramar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ba su koma ba, daga baya aka danganta abin da farin da ya faɗa wa Sahel. Mun ji ana cewa itatuwan nan maɓoyar jan baki ne, to mun fi kowa sanin ɓarnar jan baki, amma tsuntsayen da muke magana a kansu ba sa taɓa hatsi, ƙwarin da ke cin amfanin gonarmu suke ci. Zabon daji da fakara da ke ƙwai a ƙarƙashin sarƙaƙiya kuwa tuni suka yi ƙaranci.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanyar da ta fi sauƙi tun daga shekarun 1980, da abin da suke kira sassabin zamani: a bar kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rage sauran, a kare su daga gatari. Da haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da gandun renon itatuwa ko tankar ban ruwa ba. Mu kuwa mun sha ganin an dasa itatuwa an ɗauki hoto, kafin bazara awaki da ƙishi sun gama da su.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba, cikin ladabi, ya sa baki a dakatar da katafilar nan tun kafin ta kai ga sauran gawon da ke bakin burtali. Muna roƙon a gayyato masana, ko daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos, wadda ke aiki tun 2001, su duba dajin su faɗi abin da ya dace a bari da abin da ya dace a dasa. Idan dashen ya zama dole, a dasa irin namu, a bar kututturan da suka tsira su tofo, a kuma ba dagatai ikon hana masu gawayi shiga. Muna kuma so a gaya mana wanda ya ba da izinin wannan aiki da inda itacen da aka kwashe ya tafi. Amma kafin komai, ranka ya daɗe, a tsayar da katafilar, domin har safiyar yau da muke rubuta wannan takarda tana aiki.

Allah ya taimaki Sarki, ya ja kwana, ya ƙara girma.

Mu ne masu biyayya,
Talakawan Sarki na ƙauyukan da ke kewaye da dajin kiwo.