Gyambon da ya ƙi warkewa ba garin "sitem sel" yake jira ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana kan garin magani da ake tallarsa a kasuwannin Kano da zaurukan WhatsApp da sunan "sitem sel", ana ce wa masu ciwon suga da masu sikila zai rufe musu gyambo. Yawancinsa daga tsirrai aka haɗa shi, kuma duk ƙwayar asali da ta bi ta baki, ciki narkar da ita yake yi kamar tuwo.

Ƙwayoyin asali, wato "sitem sel" na gaske, waɗanda ke haifar da sabuwar fata, Allah ya riga ya ajiye su a jikin kowa: a ƙasan fata, a gindin kowane gashi, a ɓargo da cikin kitse. Sai dai ba sa tashi aiki sai sojojin jiki sun share musu fage.

Da zarar an yanke, jini kan daskare cikin mintuna. Cikin sa'o'i kaɗan sai ƙwayoyin nutrofil, rukunin farko na sojojin jiki, su cika wurin suna kashe ƙwayoyin cuta; mugunyar da ake gani, yawancinta gawar nutrofil ɗin ce. A kwana na 2 zuwa na 3 makrofej, wani rukunin sojojin jiki, ke karɓar ragama, kuma a nan maganar take. Da fuskar faɗa yake zuwa, yana rura kumburi. Idan ya haɗiye gawar nutrofil sai ya sauya hali, ya fara sakin sinadaran da ke kiran sababbin jijiyoyin jini, yana kuma zaburar da ƙwayoyin asali su rarrafo daga gefen miki da gindin gashi su rufe shi. Su ma ƙwayoyin asali na ɓargo da kitse suna fitar da abin da ke kwantar da makrofej ɗin. Hannu ɗaya ke wanke ɗaya. Tun 1975 masana a Amurka suka nuna cewa idan aka rage makrofej a jikin ɓeran Masar, rauninsa jinkirin warkewa yake yi.

Ga mai ciwon suga, wannan sauyin hali ne ke maƙalewa. Makrofej ya tsaya a faɗa, sinadaran da ke narkar da mataccen nama su yi yawa har su cinye sabon da ke tsirowa, jini kuma ba ya isa yatsu yadda ya kamata. Mai sikila kuwa, ƙananan jijiyoyi ne ke toshewa, shi ya sa gyambonsa ya fi fitowa kusa da idon sawu. Ko an zuba ƙwayoyin asali na gaske a irin wannan miki, ba su daɗewa a raye.

Don haka aikin shi ne gyara fagen. A wanke miki da ruwan gishiri na asibiti. Idan babu, gishiri giram 9, wajen ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. A daina ɗura sifirit da haidurojin kullum, domin tare da cutar suke kashe sabuwar fata. A rufe miki ya zauna da ɗan danshi. Mun saba cewa "bar shi ya sha iska", alhali gwajin masanin kimiyya George Winter na 1962 a Ingila ya nuna fata ta fi saurin haɗewa a ƙarƙashin rufi fiye da ƙarƙashin busasshen ɓawo. Mai gyambo a tafin ƙafa ya daina taka wurin, ya riƙe sugansa, ya ci wake, ƙwai da kifi.

Ƙuna ma haka. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Idan gindin gashi ya tsira, fata kan dawo cikin mako 2 zuwa 3. Idan wuta ta cinye shi, sai dashen fata.

Gyambon mai suga da bai ragu da rabi cikin mako 4 ba, ko ya fara wari, ko baƙi ya bayyana a gefensa, a kai shi wurin likitan fiɗa a Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na Dala, a kankare mataccen nama a duba gudun jini kafin ciwon ya kai ƙashi.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan jinya,
Birnin Kano