Wasiƙa Kan Gwajin Laisozayim da Lafiyar Dasashi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ga amsar tambayarka kan yadda za ka auna laisozayim, wato sinadarin jiki mai kashe bakteriya da ake samu a miyau da farin ƙwai, a gwajin lafiyar dasashi da za ka fara.

Ka san Alexander Fleming ne ya bayyana shi a 1922, kuma aikinsa tsinke bangon bakteriya har ta fashe. Na farin ƙwai, wanda da shi ake awon kwatanci, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 129 gare shi. Na mutum 130 ne, kuma ya fi ƙarfi, don haka kada ka ɗauka ɗaya suke.

Hanyar awon ba wuya. Ka dama busasshiyar bakteriyar nan Micrococcus lysodeikticus a ruwan fosfet mai pH 6.2, har na'urar auna haske ta nuna 0.6 zuwa 0.7 a nanomita 450. Ka ɗebi mililita 2.5, ka zuba 0.1 na samfurin, zafi ya tsaya a digiri 25. Ruwan zai fara kamar tsararo, sai ka ga yana washewa. Raguwar 0.001 a abin da na'urar ke nunawa cikin minti ɗaya ita ce yunit ɗaya na ƙarfin laisozayim. Mintunan farko kawai za ka lissafa, kuma ka girgiza kwalbar kafin kowane ɗiba, don ƙwayoyin kwantawa suke yi.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wajen miyau. Laisozayim yana manne wa yauƙin miyau, to idan ka juya samfurin a santirifuj (na'urar da ke wulwula ruwa har mai nauyi ya kwanta) ka zubar da abin da ya kwanta, ka zubar da wani kaso nasa. Yana kuma manne wa gilashi in an sirka shi sosai, ɗan albumin (wani furotin) a ruwan sirkin yana rage hakan. Gishiri in ya yi yawa yana kashe wa laisozayim kaifi. Ruwan da ke tsattsafowa tsakanin haƙori da dasashi kuwa, da siririyar takarda ake ɗaukarsa, daƙiƙa 30. Duk wadda jini ya taɓa, ka yar. Ka adana a digiri 80 ƙasa da sifili, ban da narkarwa da daskararwa a kai a kai.

Abin da nake so ka yi hattara da shi shi ne fassara. In ka samu ya yi yawa a bakin mai ciwon dasashi, ba lallai kariya ce ta ƙaru ba. Fararen ƙwayoyin jini da kumburi ya tara su ke zubar da shi. Sannan bakteriyar Porphyromonas gingivalis, wadda ke gaba-gaba a wannan ciwo, tana da fata ta biyu a waje da ke kāre bangonta. Narkar da Micrococcus cikin minti biyar bai nuna zai iya da ita ba. Ka gwada shi a kanta kai tsaye, shi kaɗai, sannan haɗe da laktoferin, wani furotin na miyau da shi ma ke yaƙar bakteriya. Ka kuma rubuta zurfin ramin dasashin kowane haƙorin da ka ɗauki samfuri, in ba haka ba lambobin ba za su faɗa maka komai ba.

In sakamakon farko ya fito, ka turo min mu duba tare. Ka gaida mutan gida.

Naka,
Amininka