Wasiƙa daga Damagaram: allon lokutan salla

Zuwa ga aminina Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Legas? Mutanen Birni duk lafiya lau, Inna na gaishe ka.

Maganar allon nan mai haske da nake son haɗa wa masallacin unguwarmu, wanda zai riƙa nuna ƙarfe nawa da lokacin kowace salla, na tsai da shawara. Da manhajar KiCad zan zana da'irar lantarkin. Na san kai mutumin manhajar EAGLE ne, to amma na kyautarsa iyakar girman allon da'irar da yake zanawa santimita murabba'i 80 ne, kuma Autodesk, kamfanin da ke da shi, ta sanar cewa daga Yunin 2026 ta daina kula da shi. KiCad kuwa ba mai karɓe maka shi. Wani Bafaranshe, Jean-Pierre Charras, ya fara shi a 1992, KiCad ɗin yana da Faransanci, kuma in ka saka shi a kwamfuta ba ruwanka da intanet. Wannan na ƙarshen shi ya fi ja na, ka dai san yadda kuɗin haɗin intanet ke cinye aljihu a nan. Rubutun fuskar allon da manhajar zane ta Inkscape zan yi, akwatin kuma aikin kafinta ne.

Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta da zai sarrafa na'urar, ya isa. Jadawalin shekara, salla 5 sau kwana 365, bai kai kilobayit 4 ba. Ba zai shiga RAM (ma'ajiyar wucin gadi) mai kilobayit 2 ba, sai dai in ajiye shi a ma'ajiyarsa ta dindindin mai kilobayit 32. Abin da ya fi cin tunanina shi ne agogon ciki. Samfurin DS1307 ya fi araha, amma zafi na sa shi gudu ko jinkiri, ga shi a Afrilu muna haura digiri 40. Ka ga ladan ya kira magariba da azumi kafin rana ta faɗi, wa za a kama? Ni mana! Don haka DS3231 nake so, shi yana gyara kansa gwargwadon zafi, kuma ƙaramin batirinsa na riƙe lokaci ko an ɗauke wuta.

Don Allah in ka shiga kasuwar Alaba ka nemo min DS3231 ɗin, da allunan fitila 8x8 masu MAX7219 (ɗan abin da ke sarrafa fitilun) guda 4, jajaye. Ka sa a kunna su a gabanka. In duka fitilun suka kama suna iya jan fiye da amfiya 1, sai ka haɗa da caja mai volt 5 ta kirki. Ka faɗa min kuɗin a naira, ni zan yi lissafin sefa.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Habu