Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: A Ba Uwar Bakwaini Wuri Kusa Da Jaririnta

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan wata mata da tsarin asibitocinmu bai yi wa tanadi ba, wato uwar jaririn da aka haifa bakwaini aka kwantar da shi a sashen kulawa ta musamman. Na daɗe ina aikin jinya a irin wannan sashe kafin na yi ritaya, kuma roƙona gare ka guda ɗaya ne: a ɗauki koyar da wannan uwa da ƙarfafa mata gwiwa a matsayin wani ɓangare na maganin jaririnta, a rubuta shi a ƙa'ida, a ware masa kuɗi da ma'aikata kamar yadda ake ware wa kwalba, wato akwatin gilashin da ake ɗumama bakwaini a ciki, da iskar oksijin.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin alƙaluman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu bayan Indiya da Pakistan, da jarirai sama da 770,000. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa jarirai 39 cikin kowane 1,000 suna rasuwa kafin su cika wata guda, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 41, alhali mun yi wa duniya alƙawarin saukowa zuwa 12 kafin 2030. Kowane ɗaya daga cikin jariran da suka kai ga asibiti yana da uwa a bakin ƙofa.

Sau da yawa wannan uwa ba ta warke ba tukuna. Wata jijjiga ce ta sa aka ciro mata ɗan, wata jini ne ya ɓalle mata, wata kuwa an yi mata tiyata an sallame ta bayan 'yan kwanaki, jaririn yana kwalba, gidansu kuma yana wata ƙaramar hukuma mai nisa. Sai ta shimfiɗa tabarma a baranda ko ƙarƙashin bishiya, da ɗinki a cikinta, sauro yana cizonta, tana jiran a kira sunanta ta kawo nono ko ta sayo magani. Idan an bar ta ta shiga, sai ta ga ɗanta tsirara cikin gilashi, da roba a hanci, da allura a hannu, na'ura tana ƙara, babu wanda ya sami sukunin gaya mata mene ne wannan, mene ne wancan. Takan ji tsoron taɓa shi. A gida kuwa ranar suna ta zo ta wuce, wasu dangi sun fara cewa bakwaini sai Allah, wasu suna tambayar abin da ta ci ko ta ɗauka har naƙuda ta zo mata da wuri, ita ma ta fara zargin kanta a kan abin da ba laifinta ba ne. Abin da muka saba ce mata shi ne ta yi haƙuri. Haƙuri kam tana da shi fiye da mu duka. Abin da ba ta da shi shi ne bayani, da wurin kwana, da aikin da za ta yi wa ɗanta da hannunta.

Wannan rashi ba a zuciyarta kaɗai yake tsayawa ba, yana komawa kan jaririn. Nono ba ya zuwa sosai ga macen da ke cikin fargaba da yunwa da rashin barci, kuma jaririn da bai kai wajen mako 32 zuwa 34 ba bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, saboda haka dole uwar ta riƙa tatsa aƙalla sau takwas a yini, har da tsakar dare, a ba shi ta roba ko da ɗan kofi. Idan ba a nuna mata yadda ake tatsa da hannu ba tun ranar farko, kuma ba a gaya mata cewa dakashin da wasu tsofaffi ke cewa a zubar shi ne abu mafi daraja da ɗanta zai sha ba, sai nono ya ƙafe cikin mako biyu, a koma madarar gwangwani wadda iyalin ba za su iya saye ba, wadda kuma take ƙara wa bakwaini haɗarin mummunar cutar hanji. Daga nan sai maigida, wanda ya sayar da akuya da hatsi kuma bai ga an yi masa bayani ba, ya sa hannu ya ɗauke ɗansa ba da yardar likita ba. Mukan rubuta a fayil cewa iyaye sun ƙi haɗin kai, alhali tun farko ba mu jawo su cikin aikin ba.

Hujjar abin da nake roƙo tana hannunmu, kuma ƙasarmu tana cikin waɗanda suka samar da ita. Tun 1978 likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya, da kwalabe suka yi musu kaɗan, suka fara ɗora jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata, hanyar da ake kira rainon kangaru. A 2021 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya wakilce mu. An ɗauki jarirai sama da 3,200 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8, aka fara goya rabinsu a ƙirji nan take ba tare da jiran su murmure a kwalba ba, aka kuma sa gadon uwa a cikin sashen kulawar kansa. Mace-macen watan farko sun sauko daga kashi 15.7 zuwa kashi 12 cikin 100, wato ragin kashi ɗaya bisa huɗu, har aka dakatar da gwajin da wuri don amfanin ya fito fili. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta, ta ce a fara wannan goyo da zarar an haihu, awa 8 zuwa 24 a rana, kuma a sa iyali cikin kulawar yau da kullum. Wani gwajin da aka wallafa a 2018 daga asibitoci 26 na Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, inda aka koyar da iyaye suka riƙa yin aƙalla awa 6 a rana suna kula da jariransu, ya nuna jariran sun fi ƙara nauyi, damuwar iyayen kuma ta ragu. Matan da suka tashi da goyo a baya tun suna 'yan mata ba za su sha wahalar koyon goyon ƙirji ba, in dai an ba su kujera mai jingina da zane da wanda zai tsaya a kansu a karon farko.

A ganina juriyar da ake so uwa ta samu daga nan take fitowa. Na ga mata da dama sun sauya kamanni ranar da suka fara duba zafin jikin ɗansu da kansu, suka san cewa tsakanin digiri 36.5 da 37.5 ake so, suka ji nauyinsa na yau suka kwatanta da na jiya. Mace irin wannan tana yin addu'arta da tawakkalinta, amma kuma ta san abin da za ta yi idan ta ga numfashi ya tsaya na ɗan lokaci ko leɓe ya yi shuɗi. Duk da haka akwai waɗanda baƙin cikin bayan haihuwa ke kamawa da gaske, ba sa ci, ba sa barci, ba sa son ganin jaririn. Waɗannan suna bukatar a tambaye su a keɓe cikin harshensu, a haɗa su da likitan da ya dace, kada a ce musu raki ne.

Saboda haka ina roƙonka ka fara da asibitocin da ke ƙarƙashin ma'aikatarka, irin su asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Bauchi da Maiduguri da cibiyoyin lafiya na tarayya, ka ba da umarni cewa duk sashen jarirai da za a gina ko a gyara sai an sa masa gadon uwa, da banɗaki, da ruwan wanke hannu, da abinci sau uku. A kowane sashe a keɓe ma'aikaciyar jinya ɗaya wadda aikinta shi ne koyarwa, da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko duk harshen da matan ke ji, ta hanyar nuni da hoto da saƙon murya, tunda da yawansu ba sa karanta boko. A kuma ɗauki wasu daga cikin matan da bakwaininsu ya rayu, a horar da su, a biya su alawus, domin babu lacca da ta kai uwa ta ga wata riƙe da ɗan shekara biyu tana ce mata nawa ma kilo ɗaya da ɗigo aka haife shi. Daga nan sai ka kai maganar Majalisar Lafiya ta Ƙasa domin kwamishinonin jihohi su ɗauka. Shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da ka sanar a Nuwamban 2024 abin yabo ne, kuma da yawa daga cikin jariran da ake cirowa da wuri ta wannan tiyata su ne ke ƙarewa a kwalba, don haka ya dace tallafin ya bi uwa da ɗanta har ranar sallama.

Kada a manta da maigida da kaka. Ranar da aka koma gida, uwar miji ko uwar mai jego ce ke yanke hukuncin wanka, da gashin cibiya, da ruwan da za a ɗura wa jariri, da kiran wanzami ya cire beli. Idan ba a zaunar da su an yi musu bayani cikin girmamawa kafin sallama ba, yarinya 'yar shekara 18 ba za ta iya musu da surukarta ba, komai yawan abin da ta koya. A nuna musu alamomin da ke sa a dawo asibiti cikin gaggawa, kamar ƙin shan nono, da sanyin jiki, da shawara, da saurin numfashi, a gaya musu ranar duba ido da kunne, a kuma koya wa uban goyon ƙirji don ya riƙa karɓar matarsa ta sami barci.

Na san za a ce ma'aikata sun yi kaɗan, kuma shigar iyaye mata zai kawo ƙwayoyin cuta. Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, kuma ba na cewa uwa ta maye gurbin nas. Amma nas ɗin da ke kula da jarirai da yawa ita kaɗai cikin dare tana samun sauƙi idan kowane jariri yana da idon da ba ya barinsa. Game da cuta kuwa, a gwajin nan da aka yi har da Ile-Ife, jariran da ke jikin iyayensu ne suka fi ƙarancin alamun shigar ƙwayoyin cuta cikin jini da sanyin jiki.

Ranar 15 ga Nuwamba ce ranar bakwaini ta duniya a kalandar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ina roƙon ma'aikatarka ta yi amfani da mai zuwa ta sanar da sunayen asibitocin da za su fara kwantar da uwa tare da ɗanta, da kuɗin da aka ware musu, da ranar da za a fara.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a sashen jarirai.