A Yi Lissafi Kafin A Sauya Wa Na'urar Naɗar Sauti Rumbun Ajiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da abokan sana'ata, wato masu naɗar sauti a situdiyo da wuraren tafsiri da gidajen biki, a kan wani abu da nake ganin yana cinye mana kuɗi, wani lokacin ma ya cinye abin da kuɗi ba sa mayarwa. Na daɗe ina wannan aiki a birnin Katsina, tun zamanin kaset, kuma tambayar da samari suka fi kawo mini a 'yan shekarun nan ita ce: "Baba, na'urata ta cika, in sa mata tera ɗaya ko biyu?" Abin da suke nufi shi ne rumbun ajiyar da ke cikin na'urar naɗar sauti mai layi da yawa, wanda 'yan kasuwa ke ce wa had-dis, tera kuma ma'aunin girmansa ne, wato giga dubu. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin nakan ce su ɗauko biro da takarda tukuna.

Ga mai karatun da ba ɗan sana'a ba, irin wannan na'ura tana ba kowace makirfo layinta na daban. Muryar mawaƙi tana da nata, 'yan amshi suna da nasu, kalangu da kurya da algaita kowanne da nasa, ta yadda idan an dawo situdiyo za a iya ɗaga wannan a sauke wancan ba tare da an sake tara jama'a ba. Amfaninta ke nan, kuma nan ne cinta yake, domin kowane layi yana cin wurinsa a cikin rumbu.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ana naɗa a ma'aunin da situdiyo suka fi amfani da shi, wato bit 24 da ɗaukar samfurin sauti sau 48,000 a kowace daƙiƙa, layi ɗaya yana cin bait 144,000 a daƙiƙa (bit takwas ne bait ɗaya, bait miliyan ɗaya kuma mega ɗaya), wato mega 8.64 a minti ɗaya. Layi 24 kuwa za su ci kusan mega 207 a minti, ko giga 12.4 a sa'a ɗaya. Ke nan rumbu mai giga 40, irin wanda na'urar Tascam 2488 ta fito da shi a 2004, ba zai wuce sa'a uku da 'yan mintoci ba idan da za a cika layi 24 daga farko har ƙarshe, mai giga 500 kuma zai ɗauki kimanin sa'a 40. Wanda ya ninka ma'aunin zuwa 96,000 ya ninka cin wurin, kuma a ra'ayina mafi yawan ayyukanmu, waɗanda a ƙarshe a waya ko a rediyon mota ake saurarensu, ba su bukatar hakan. A ɗaya ɓangaren, mai naɗar tafsirin watan Ramadan da makirfo biyu, ɗaya ta malam ɗaya ta mai jan baƙi, a ma'aunin faifan CD, wato bit 16 da 44,100, mega 635 yake ci a sa'a. Ko da sa'a biyu ake yi kullum har kwana 29, duka-duka giga 37 ne. To, me irin wannan mutum zai yi da tera biyu? Sai dai ya riƙa tara aikin bana a kan na bara, na bara a kan na bara waccan, kuma a kan wannan tarin ne nake son in tsaya daga baya.

Akwai ƙaramin abu da kan haddasa rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa ba gaira ba dalili. Rumbun da aka rubuta giga 500 a jikinsa, kwamfuta za ta nuna kimanin 465, mai tera ɗaya kuma ta nuna 931. Ba sata aka yi ba. Masu ƙerawa da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024 take ƙirga.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ba kowace na'ura ce ke iya ganin duk faɗin rumbun da aka sa mata ba. Rumbu a kashe yake gida-gida, kowane gida yana ɗaukar bait 512, kuma na'ura tana kiran kowane gida da lambarsa. Tsohon tsarin ba da lamba, mai bit 28, gida 268,435,456 kawai yake iya ƙirgawa, wanda idan aka haɗa ya kama giga 137. Sai a farkon shekarun 2000 aka shigo da tsari mai bit 48 wanda ya kawar da wannan shinge, alhali da yawa daga na'urorin da ke shigo mana na hannu an tsara su ne kafin lokacin ko a daidai lokacin. Wasu ma iyakarsu ba ta kai nan ba: Yamaha AW4416, wadda ta fito a 2000, giga 64 ne abin da aka ƙayyade mata. Idan aka sa wa irin waɗannan rumbun da ya fi ƙarfinsu, wata za ta yi amfani da abin da take gani ta bar sauran a banza, wata kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya, mai ita ya koma yana zargin wanda ya sayar masa da kaya. Haka abin yake ga masu amfani da memori. Zoom R16, wadda ake yawan gani a hannun matasa, kati nau'in SDHC take karɓa, iyakarsa giga 32, kuma katin SDXC mai giga 64 ko 128 tsarinsa daban ne. Giga 32 ɗin ma ba kaɗan ba ne, domin layi takwas a bit 24 da 44,100 za su yi sama da sa'a takwas a cikinsa. Saboda haka littafin da ya zo da na'ura, wanda yanzu ana samun kusan kowanne a intanet, shi ne abin dubawa na farko, ba bakin mai shago ba.

Sai kuma batun mahaɗi. Tsofaffin na'urorin nan rumbu nau'in IDE suke amfani da shi, wanda ake haɗawa da faffaɗar waya mai kama da ɗamara, alhali tun wajajen 2003 kasuwa ta fara komawa sabon mahaɗi mai suna SATA, kuma an daina ƙera IDE fiye da shekara goma da suka wuce. Ma'anar wannan ita ce duk rumbun IDE da aka miƙo maka yau, ko dai ya yi aiki a wata kwamfuta har ya gaji, ko kuma ya daɗe a ajiye, komai kyan ledar da aka naɗe shi a ciki. Akwai adafta da ke haɗa SATA da IDE, kuma da ita ake iya sa rumbu nau'in SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, ba ya yin ƙara, ba ya jin jijjigar hanya idan an ɗauki kaya zuwa Mashi ko Dutsin-Ma. Ni ma na koma gare shi a na'ura ɗaya. Amma ba kowace adafta ce ke jituwa da kowace na'ura ba, kuma ba a gwada sabon haɗi a ranar aiki. A kunna duk layukan a bar su suna naɗa sa'a biyu ko uku a gida, a saurara, kafin a fita da su bainar jama'a. A bayan rumbun IDE kuma akwai 'yar roba ƙarama da ake kira jamfa, ba ta sawa ba, wadda ke nuna ko rumbun shi ne babba ko mabiyi, kuma na sha ganin an yanke wa lafiyayyen rumbu hukuncin mutuwa alhali jamfar ce ba ta zauna a gurbinta ba. Game da gudu, kada a wahalar da kai: layi 24 ba su kai mega huɗu a daƙiƙa ba, rumbu mai juyi 5,400 a minti ya wadatar, kuma ya fi mai 7,200 sanyi, abin da duk wanda ya yi aiki a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu zai san darajarsa.

Yanzu bari in koma kan tarin da na ambata, domin shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Na'urar da na fi daɗewa da ita Alesis HD24 ce, wadda ta fito a 2001, mai aljihun rumbu biyu da ake zarewa. Tana da nata tsarin rubutu wanda kwamfuta ba ta ganewa idan an jona mata rumbun kai tsaye, kuma idan ka buɗe waƙa da layi 24, wurin 24 ɗin take ci ko da makirfo shida ka jona. Wannan kaɗai, idan an kiyaye shi, yana rage cikar rumbu fiye da yadda ake zato. Lokacin da nake da ƙananan rumbuna, dole ce take sa ni kwashe aiki duk mako, in juye shi a kwamfuta, in ba mai shi kwafinsa. Da na samu babba na daina, domin wuri bai ƙare ba balle ya tuna mini. Na tara aikin kusan shekara uku a rumbu ɗaya, ciki har da wani zama da na yi a Daura lokacin Sallar Gani da wani dattijon makaɗin kotso da 'yan amshinsa, wanda ya yi mini waƙoƙin da ya ce ya gada daga mahaifinsa. Wata rana yaron da ke koyon aiki a wurina ya zare rumbun ya jona a kwamfuta domin ya ɗauko wa wani ango waƙar bikinsa, kwamfuta ta ce ba ta san wannan rumbu ba, ta tambaya ko a shirya shi, wato a goge shi a sake tsara shi, shi kuma ya amsa mata da to, ya bi ta har ƙarshe. Ban ga laifinsa ba, domin ban taɓa gaya masa ba. Da wata manhaja ta kyauta mai suna HD24tools muka ceto wani sashe, amma zaman Daura ya dawo a gutsuttsure, kuma dattijon Allah Ya yi masa rasuwa kafin in sake komawa.

Tun daga ranar nake kallon babban rumbu da wani ido. Manomi ba ya zuba gero da dawa da wake na shekara uku a rumbu ɗaya don kawai rumbun yana da faɗi, domin ya san gobara ko gara ba sa tambayar nawa ne a ciki. Mu kuwa ga zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga wuta da ake ɗaukewa ba sallama. A HD24 da wasu irinta, idan wuta ta yanke ana tsakiyar naɗa, na'ura ba ta samun damar rubuta tsawon abin da ta ɗauka, sai ka kunna ka tarar kamar ba a yi komai ba, ko da yake sautin yana kwance a ciki. A irin wannan hali kada a sake naɗa komai a kan rumbun sai an yi ƙoƙarin ceto. Kuɗin da za a ƙara don a sayi tera biyu, da an sa shi a ƙaramin UPS mai riƙe na'ura minti goma kafin janareta ya tashi, da ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Masu memori kuma su yi hattara da na jabu, wanda aka sauya masa lamba yana nuna giga 32 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Irin wannan kati yana karɓar naɗi ba tare da gardama ba, sai an zo saurare a tarar da shiru ko ƙara. Akwai manhajar H2testw da ke cika kati ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa, kuma gwajin ba ya cin komai sai lokaci.

Abin da nake yi yanzu, kuma nake ba da shawara a kai, shi ne rumbuna matsakaita guda biyu ko uku maimakon ƙato ɗaya, a rubuta kwanan wata da sunan aiki a jikin kowanne, kuma duk aikin da aka gama a fitar da layukansa ɗaya bayan ɗaya a tsarin WAV, wanda kowace kwamfuta ke karantawa, a ajiye kwafi biyu, ɗaya ba a cikin situdiyo ba. Yawancin abin da muke ji a yau na marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, ya iso gare mu ne saboda an yi ta juyar kaset daga hannu zuwa hannu, idan na wani ya tsinke na wani yana nan. Naɗin da muke yi yanzu ya fi na kaset tsabta ƙwarai, amma sau da yawa kwafi ɗaya tak gare shi a duniya, a cikin tsarin da na'ura ɗaya ce kawai ke iya buɗewa, kuma na'urar an daina ƙera ta.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sashen nazarin harsunan Nijeriya na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, da su duba yiwuwar buɗe wurin da masu situdiyo za su riƙa kai kwafin naɗin makaɗan gargajiya da karatun malamai, bisa yarjejeniyar da za ta kare haƙƙin mai waƙa da na wanda ya naɗa. Ba aiki ne mai tsada ba: kwamfuta ɗaya, da adaftar IDE, da ma'aikaci ɗaya da ya san kada ya amsa wa kwamfuta idan ta nemi shirya rumbu. Ina da rumbuna goma sha ɗaya a cikin akwati waɗanda har yanzu suke tashi, kuma a shirye nake in kawo su tare da na'urar da ke karanta su a ranar da aka buɗe ƙofa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai naɗar sauti,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.